Rawar Sahu da Mas'alar Bin Ƙafar Jama'a

A farkon shekarar 2011 wata mas'ala ta taso a ƙasar Malesiya, wadda mai duban sama-sama zai ce ba ta kai a ɓata tawada a kanta ba, alhali kuwa wanda ya tsaya ya yi mata kyakkyawan nazari zai tarar ta taɓo wani al'amari mai zurfi a cikin ɗabi'ar ɗan Adam. Kwamitin fatawa na jihar Perak, ƙarƙashin muftin jihar, Harussani Zakaria, ya zartar da cewa wata rawa da ake kira poco-poco haramun ce ga Musulmi, bisa hujjar cewa takunta na gaba da baya da dama da hagu yana zana siffar gicciye a ƙasa, kuma wai akwai ɓurɓushin bautar iskoki a cikin asalinta. Ita rawar nan daga Indunusiya ta ƙetaro, kuma galibin masu yin ta matan aure ne da dattawa da ma'aikata, waɗanda kan taru a fili don su motsa jini. Ba a jima ba, a cikin watan Afrilu na wannan shekara, majalisar fatawa ta ƙasa baki ɗaya ta zauna, ta ce ita ba ta ga wajen haramci ba, muddin an kiyaye sutura, an nisanci cakuɗuwar maza da mata, kuma ba a ƙudurce wata bauta a ciki ba. Da yake sha'anin addini a can a hannun jihohi yake, Perak ta tsaya a kan bakanta. To, ga malamai 'yan ƙasa ɗaya, mabiya mazhaba ɗaya ta Imamu Shafi'i, sun dubi ƙafafu iri ɗaya, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa bai gani ba.

Malaman usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa, saboda haka kafin mu ce uffan ya kamata mu san mece ce wannan rawa da danginta, waɗanda za mu tara su ƙarƙashin suna ɗaya mu kira su rawar sahu. Surarta ita ce, jama'a su jeru sahu-sahu, kowa ya fuskanci wuri ɗaya, a bar tazara tsakanin mutum da maƙwabcinsa, ba mai riƙe hannun wani, ba mai rungumar wani, ba kuma mai bukatar abokin rawa. Wani gwani ya riga ya tsara takun tun da fari, ya ƙidaya shi, ya rubuta shi a takarda, sau da yawa taku 32, wani lokaci 48 ko 64, domin kiɗan da ake yin ta da shi a takwas-takwas yake tafiya. In an kai ƙarshen ƙidayar sai a juya a fuskanci wani sashen ɗakin, a sake ɗaukowa daga farko, haka haka har waƙa ta ƙare. Ma'abota abin suna kiran kowace fuska bango, shi ya sa za ka ji ana cewa wannan rawa mai bango ɗaya ce, waccan mai biyu, waccan kuwa mai huɗu, watau sai an fuskanci gabas da arewa da yamma da kudu kafin a komo inda aka faro.

Bari mu ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka fi bazuwa a duniya, wadda kuma akan fara koya wa sabon shiga, Electric Slide. Ka ɗaga ƙafar dama ka kai ta gefen dama, ɗaya ke nan. Ka jawo ta hagu ka sakaɗa ta bayan ta dama, biyu. Ka sake kai ta dama gefe, uku. Ka kawo ta hagu ka dangwali ƙasa da ita kusa da 'yar'uwarta, ba tare da ka ɗora mata nauyinka ba, huɗu. Sa'an nan ka maimaita haka zuwa hagu, takwas sun cika. Ka ja da baya taku uku, ka dangwala na huɗun, goma sha biyu. Ka tako gaba da ta hagu ka dangwala ta dama, ka koma baya da ta dama ka dangwala ta hagu, goma sha shida. Daga nan ka sake takowa gaba da ta hagu, ka shari ƙasa da ta dama kana mai juyawa rubu'in da'ira zuwa hagu, goma sha takwas, ga ka a gaban sabon bango. Iyakarta ke nan. Asirin abin kuwa duk a wajen nauyi yake, gama ƙafar da ke ɗauke da mutum ba ta ɗaguwa, kuma mafi yawan tuntuɓen mai koyo ya samo asali ne daga ɗora nauyi a inda aka ce ya dangwala kawai, sai lokacin taku ya zo ya tarar ƙafar da ake nema ita ce a ɗaure. Malamin da ke koyarwa yakan fara ba kiɗa, ya juya wa ɗalibai baya domin damarsa ta zama damarsu, ya yanka rawar gunduwa-gunduwa, sai ya ga ta zauna musu sa'an nan ya saki waƙa, ya ƙirga biyar, shida, bakwai, takwas, don kowa ya ɗaga ƙafa lokaci ɗaya. Shawarar da akan ba baƙo ita ce ya sa takalmi mai sulɓin ƙasa, ya taƙaita taku, kuma ya tsaya a tsakiyar jama'a. Wannan ta ƙarshe za mu komo gare ta, don akwai magana a cikinta.

Game da tarihi, mutane da yawa sun ɗauka rawar kaboyi ce ta kaka da kakanni, saboda malafa da takalman fata da suke gani a hotuna, amma malafar nan daga baya ta hau kanta. A ƙarshen shekarun 1950 aka yi wata rawa mai suna Madison, wadda ta fito daga birnin Kolambus na jihar Ohayo, ta yi tashe a talabijin ɗin Baltimo a 1960, ana kiran takunta da baki mutane suna bi a jere. Zamanin disko na shekarun 1970 ya ƙaro wasu, a cikinsa ne kuma Ric Silver ya ce ya tsara Electric Slide a 1976, wadda daga baya ta manne da waƙar Marcia Griffiths ta Jamaika, har ta zama abin da ba a rasawa a bikin aure da taron dangi na baƙar fatar Amurka. Fim ɗin Urban Cowboy na 1980 ya sa 'yan birni sha'awar kayan kaboyi da gidajen rawarsu na Teksas, sa'an nan a 1992 waƙar Billy Ray Cyrus mai suna Achy Breaky Heart, da takun da Melanie Greenwood ta tsara mata, ta kai abin Ingila da Ostareliya da sauran ƙasashe. Tun daga nan kowace al'umma ta ɗauka ta zuba nata kiɗan. A Jakarta, ranar 5 ga Agusta 2018, kimanin mutum 65,000 suka yi poco-poco lokaci ɗaya don sharar fagen wasannin Asiya, har da shugaban ƙasa Joko Widodo a cikin sahu, a ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a wancan lokaci.

To, me malamai suka ce game da rawa ita kanta? Saɓanin tsoho ne. Masu sauƙaƙawa sun dogara da abin da Buhari da Muslimu suka ruwaito, cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha tana kallo daga bayansa, kuma da Sayyidina Umar ya so ya hana su aka ce ya ƙyale su. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u don ladubban sauraro, inda ya tafi a kan cewa rawa tana bin hukuncin abin da ya motsa ta, in farin cikin abin yabo ne ita ma haka, in halal ne halal, in abin zargi ne ita ma abar zargi, ko da yake ya ƙara da cewa ba ta dace ta zama al'adar shugabanni da waɗanda ake koyi da su ba. Imamu Nawawi, wanda mutanen Malesiya ke karanta littattafansa, ya halatta ta matuƙar babu karairaya irin ta masu kwaikwayon mata. Ibnul Jauzi kuwa, a cikin Talbisu Iblis, ya yi wa masu rawa da sunan ibada kaca-kaca, da yawa kuma daga Malikawa da Hanafawa da Hambalawa sun ƙi ta a kan cewa wargi ce mai zubar da mutunci. Inda duk suka haɗu shi ne, in giya ta shigo, ko tsiraici, ko abin da ke kai ga alfasha, to, magana ta ƙare. Mu kuma da muka tashi da Risala ta Ibnu Abi Zaidin mun san yadda ta tsananta a kan kayan kiɗa, ta yi rangwame ga ganga mai fuska ɗaya a wajen ɗaurin aure; wanda ya riƙi wannan, ba shakka, matsalarsa da rawar sahu tun daga kiɗan ta fara, tun ba a kai ga ƙafa ba.

In aka auna rawar sahu da wannan ma'auni, za a ga ta kauce wa babban abin da aka fi ƙyama a rawar Turawa, watau namiji ya riƙe macen da ba muharramarsa ba, tun da ita ba a taɓa kowa a cikinta, mata kuma suna iya yin abinsu su kaɗai a rufaffen wuri. Wannan ma na cikin dalilan da suka sa a Ingila da Amurka azuzuwanta suka cika da mata masu shekaru, da waɗanda mazansu suka rasu, domin ita ce rawar da ba a tambayar mace ina abokin rawarta. Amma rashin taɓawa bai kawar da kallo ba, bai kuma tsarkake wuri ba, kuma gaskiya ne cewa gidajen da aka raine ta a Teksas mashaya ne, yawancin waƙoƙinta kuma ba wa'azi suke yi ba. Waɗannan duka abubuwa ne da ke kewaye da ita, ana iya raba ta da su, kamar yadda majalisar ƙasa ta Malesiya ta fahimta. Hujjar gicciye kuwa, tare da girmama muftin, mai rauni ce ƙwarai, domin Allah bai ba ɗan Adam wajen takawa ba sai gaba da baya da dama da hagu, kuma da za a haramta kowane motsi mai zana layi biyu da suka gitta, da sai a haramta tafiya a mararraba. Kamanceceniya da ma'abota wani addini, wadda shari'a ta hana, tana tabbata ne a cikin abin da ya zama alamar addininsu, ko abin da aka yi da nufin koyi da su. Matar da ta fito rage ƙiba da sassafe kuwa ba ta san da wani gicciye ba sai ranar da aka gaya mata.

Sai dai ni a ganina ɓangarorin biyu duk a bakin ƙofa suka tsaya, ɗaya yana duban zanen da ƙafa ta bari a ƙasa, ɗaya yana duban tufafi da wanda ke tsaye kusa da wa, ba wanda ya shiga ciki ya tambayi abin da ya fi waɗannan nauyi: mene ne ke faruwa a zuciyar mutum sa'ad da ƙafarsa ta faɗi lokaci ɗaya da ƙafafun mutum ɗari? Gama akwai wani daɗi a nan wanda ba na kiɗa ba ne, ba kuma na motsa jiki ba ne kawai. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya ga alamarsa, yadda taɓarya ke bin taɓarya ba karo, aikin da zai gajiyar da mace ɗaya ya koma wasa, har ka ga an gama daka amma ba mai son ta zama ta farkon tsayawa. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya lura da wannan a cikin Muƙaddima sa'ad da yake magana a kan tambura da ƙahonin yaƙi, inda ya ƙi gamsuwa da cewa don tsorata abokan gaba kawai ake buga su, ya ce hakikanin sirrin shi ne rai yakan sami wani irin maye idan ya ji sauti mai tsari, har wahala ta zama mai sauƙi, mutum ya tunkari mutuwa da kansa.

Wani masanin tarihi Ba'amurke, William McNeill, ya zo da irin wannan magana ta wata hanya. An ɗauke shi soja a 1941, aka kai shi wani sansani a Teksas inda aka yi ta sa su fareti cikin ƙura da rana, aikin da hankalinsa ya gaya masa ba shi da wani amfani a yaƙin zamani, amma ga mamakinsa sai ya riƙa jin wata walwala da faɗin rai, kamar ya fi girman jikinsa. Bayan fiye da shekara hamsin, a 1995, ya wallafa littafi sukutum a kan haka, yana mai cewa motsi tare a kan bugu ɗaya, ko rawa ko fareti, na cikin tsofaffin igiyoyin da suka ɗaure al'ummomi. Masu binciken halayya sun gwada abin a aikace. A 2009 Scott Wiltermuth da Chip Heath suka sa wasu mutane tafiya da taku ɗaya, wasu kuma kowa da nasa takun, daga baya suka tarar na farkon sun fi yarda da juna da taimakon juna. Wannan labari ne mai daɗi, amma shi Wiltermuth bai tsaya nan ba. A 2012 ya nuna cewa waɗanda suka yi taku ɗaya da mai ba da umarni sun fi saurin yi masa biyayya sa'ad da ya ce su zuba ƙwari masu rai cikin wata na'ura da suka ɗauka niƙe su za ta yi. Igiyar da ta jawo taimakon juna ita ce dai ta jawo biyayya ga ɓarna, ba a canza ko zare ɗaya a cikinta ba.

Masu mulki sun riga masu bincike sanin wannan. A Zayar ta shekarun 1970, Mobutu ya mai da rawa da waƙar yabonsa wani sashe na aikin hukuma, ma'aikata da 'yan makaranta suna jeruwa suna taka masa. A Malawi ma, a zamanin mulkinsa, Kamuzu Banda ba ya sauka wuri sai an tara masa mata sanye da zane mai hotonsa suna rawa. Ba na shakka da yawa daga waɗanda suka taka sun ji daɗin takawar da gaske, kuma nan ne abin tsoron yake, domin daɗin sahu ba ya tambayar inda sahun ya dosa, wanda kuma yake cikinsa yakan ɗauki wannan daɗi a matsayin shaidar cewa yana kan daidai.

Kada wani ya ce na kwatanta ibada da wargi, Allah ya tsare. Amma dole mai tunani ya lura cewa Musulunci, wanda ya san ɗabi'ar da aka halicci mutum a kanta, bai yi watsi da wannan ƙarfi ba, sai ya kama shi ya sa masa linzami. Sau biyar a yini ana jera mu kafaɗa da kafaɗa, a yi ruku'u tare, a ɗago tare, an kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda ya riga liman. Duk da haka dubi abin da fiƙihu ya ajiye a cikin wannan biyayya. In liman ya yi rafkanwa, mamu ya yi masa tasbihi. In ya miƙe zuwa raka'a ta biyar a sallar azahar, wanda ya tabbata an cika huɗu ba ya bin sa, zama zai yi ya tunatar da shi, in kuwa ya bi shi da gangan alhali yana sane, sallarsa ta ɓaci, kamar yadda yake a littattafan Malikiyya. Ma'anar wannan ita ce, an ɗora wa kowane mutum a cikin sahu ya riƙe lissafin raka'o'insa a zuciyarsa, ko da yana bayan mafi sanin malamai, kuma alƙiblar da ake fuskanta ba liman ne ya zaɓe ta ba, shi ma an ɗora masa ita ne. Sahun Mobutu ba shi da tasbihi. Wanda ya zauna a cikinsa sa'ad da jama'a suka miƙe ya san abin da zai same shi.

Yanzu sai mu koma ga sabon shiganmu, wanda aka ce ya tsaya a tsakiya. Ɗabi'ar mai jin kunya ita ce ya laɓe a sahun baya, yana cewa a ransa daga nan zai ga kowa ba mai ganinsa, kuma dabarar takan yi masa aiki har tsawon taku goma sha takwas. Da an juya rubu'i sai ya ga ya koma gefe, yana leƙen mutane ta wutsiyar ido. Da an sake juyawa kuwa, sai ga shi a sahun gaba, ba kowa a gabansa sai bango, jama'a duk suna bayansa, wasunsu ma ƙafarsa suke kallo. A nan ne ake gane wanda ya haddace da wanda yake ara. Za ka ga ya tsaya cak, ko ya waiwaya yana murguɗa wuya, ya tafi dama jama'a sun tafi hagu, ya yi karo da maƙwabcinsa. Na tsakiya shi ne kullum yake da wanda zai kalla ko ina aka juya, shi ya sa ake tura baƙo can. Amma malamin kirki ba ya barin ɗalibi ya tsufa a tsakiya, yakan matsar da shi bakin sahu da gangan, ko ya daina kiran takun da baki, don ya ga ko ƙidayar ta shiga.

Malaman tauhidi sun daɗe suna tattauna irin wannan a babin imanin muƙallidi, watau wanda ya gaskata don ya ga mutane sun gaskata, ba don ya san dalili ba. Shehu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahina, wanda ya rasu a 1490, ya tsananta wajen wajabta nazari, har wasu masu karatun littattafansa a ƙasashenmu suka wuce gona da iri, suka shiga kafirta talakawan da ba su iya jero hujjoji ba, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa ya yi musu raddi, ya kare imanin gama-garin Musulmi, ba tare da ya daina kiran su zuwa ga neman sani ba, maza da mata. Matsayin nan na tsakiya shi ne abin da filin rawa ke nunawa a ƙaramin sikeli, a al'amarin da ba lada ba zunubi. Ba wanda zai koyi taku ba tare da ya fara kallon ƙafar wani ba, wanda ya ce shi ba zai kwaikwayi kowa ba ba zai taɓa iyawa ba, don haka taƙalidi a farkon hanya ba aibi ba ne, rahama ce. Aibin shi ne a zauna a kansa, gama mai kallon ƙafar maƙwabci yana gadon kuskuren maƙwabci, sau da yawa kuma akan ga mutum ɗaya ya ɓata ƙidaya a gaba, rabin ɗaki su bi shi, su bar 'yan kaɗan da suka riƙe daidai suna kama da su ne masu kuskure.

Yawan mabiya kuma ba ya mai da abu asali, Electric Slide ɗin nan ma shaida ce. Ric Silver ya ce shi taku 22 ya tsara, jama'a suka yar da huɗu suka riƙe 18, har abin ya dame shi ya shiga neman a cire hotunan bidiyon masu yin ta a intanet, maganar ta kai kotu a 2007, aka sasanta a kan ya bar mutane su yi abinsu in ba don kasuwanci ba. Duniya dai ta ci gaba da goma sha takwas, ko da yake lissafin bai dace da takwas-takwas na kiɗan ba. A rawa wannan ba kome ba ne, babu wanda za a tambaya ranar hisabi ina ya kai taku huɗu. Amma miliyoyin da ke taka ta suna da yaƙinin cewa haka aka tsara ta, ba don kome ba sai don haka suka ga ana yi, kuma da irin wannan yaƙini ne mutane ke riƙe abubuwan da suka fi rawa hatsari.

Akwai wani misali na kusa. A ƙarshen 2019 Master KG da Nomcebo Zikode na Afirka ta Kudu suka fitar da Jerusalema, a farkon 2020 wasu samari a Angola suka ɗauki kansu suna taka ta riƙe da farantan abinci, sai annobar korona ta kulle mutane a gida, rawar ta zagaya duniya, ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da limaman coci duk suka shiga, har Shugaba Ramaphosa na Afirka ta Kudu ya yi kira ga 'yan ƙasarsa su taka ta a ranar bikin al'adunsu ta watan Satumba. Ta dace da zamanin, tun da rawa ce da ake yi tare ba tare da an taɓa juna ba. Waƙar kuwa da harshen Zulu take, kuma addu'a ce mai salon waƙoƙin coci, amma kaɗan ne daga masu takawa a wajen ƙasarta suka tsaya tambayar me take cewa. Ga Kirista wannan ba matsala, abinsa ne ya tarar. Ga Musulmi kuwa, in akwai wurin da tsoron muftin Perak zai sami madafa, to, a irin wannan ne, a cikin kalmomin da baki ke maimaitawa, waɗanda suke da ma'ana ko mai faɗa ya sani ko bai sani ba, ba a cikin zanen da tafin ƙafa ya bari ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in likita ya ce ka motsa jiki, ko ke 'yar'uwa an buɗe ajin mata a unguwarku kina shawarar shiga, maganar kiɗa a kai ta ga malamin da aka amince da saninsa da tsoron Allahnsa, a bi abin da ya ce, in ya hana, ana iya yin takun da ƙidayar baki kawai, haka ma ake fara koyonsa. A duba wurin, a duba su wa ke ciki, kada kuma ya ci lokacin salla. Ranar farko a tsaya a tsakiya ba kunya, amma a koma gida a maimaita har a iya kai ƙidayar ƙarshe a ɗaki ba kowa. Kuma kowace waƙa aka saki, in ba a jin harshenta, a nemi mai fassarawa tukuna kafin a ɗaga ƙafa.